Gatari a Hannun Baba Kirsimeti

A watan Oktoban 2024, wani fim da aka kashe wa kimanin dala miliyan 2 ya sha gaban kowa a cinikin tikiti a sinimomin Amurka, har ya ture Joker: Folie à Deux wanda aka narka wa kusan dala miliyan 200. Sunansa Terrifier 3, Damien Leone ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, kuma kafin a sauke shi ya tara kusan dala miliyan 90 a faɗin duniya. Abin da jama'a suka yi layi don gani shi ne wani makashi mai fuska shafe da farin fenti, sanye da jar rigar Santa, wato Baba Kirsimeti, dattijon nan mai farin gemu da ake gaya wa yara yana kawo musu tsaraba cikin dare, yana daddatsa mutane.

Shekara 40 kafin nan, irin wannan hoto ne ya sa aka kori fim daga sinima. Silent Night, Deadly Night ya fito ranar 9 ga Nuwamban 1984. Fostarsa ta nuna hannun Santa riƙe da gatari yana sulalewa cikin bututun hayaƙin gida, tallansa kuma aka riƙa haskawa a talabijin a lokacin da yara ke zaune gaban akwati. Iyaye mata a birnin Milwaukee suka haɗa ƙungiya, suka tsaya bakin sinima da kwalaye. Mai sharhin fina-finai Gene Siskel ya karanto sunayen waɗanda suka yi fim ɗin a shirinsa yana yi musu Allah wadai. Kamfanin TriStar da ya rarraba fim ɗin ya janye tallan, cikin kimanin mako biyu ya janye fim ɗin ɗungurungum. Abin da ya jawo zanga-zanga a 1984 ya zama hajar da ake rububi a 2024, kuma yana da kyau a san yadda aka yi hakan ta faru.

Masu fim ba su ne suka kawo duhu cikin Kirsimeti ba. Tun asali bikin ya faɗo ne a tsakiyar hunturun Turai, lokacin da dare ya fi tsawo, sanyi ya kulle kowa a ɗaki, kuma al'adun wannan lokaci cike suke da abin firgita yara. A Ostiriya da kudancin Jamus, daren 5 ga Disamba na Krampus ne: halitta mai ƙahoni da gashi buzu-buzu, yana jan sarƙa da ƙararrawa, da tsumagiya a hannu da kwando a baya don ɗauke yaro mai ƙiriniya. Tare yake tafe da Waliyyi Nikolas; ɗaya na raba alawa, ɗaya na raba bulala. A tsibirin Ayislan akwai Grýla mai dafa yara marasa ji, da wata ƙatuwar kyanwa da ake cewa tana cinye duk wanda bai samu sabuwar tufa ba kafin biki, tamkar a ce wa yaronmu in bai samu kayan sallah ba Dodo zai haɗiye shi. A Ingila kuwa, labarin fatalwa a gefen murhu al'ada ce ta daren Kirsimeti. Shahararren littafin Charles Dickens na 1843, A Christmas Carol, labarin fatalwowi ne daga farko har ƙarshe, kuma daga 1971 zuwa 1978 BBC ba ta fasa nuna fim ɗin fatalwa duk Kirsimeti ba.

Kasuwa ce ta share wannan ɓangare. A Amurka an tace Santa, an cire masa bulala, an bar masa kumatu da dariya. Zane-zanen da Haddon Sundblom ya fara yi wa Coca-Cola a 1931 sun daɗa kafa wannan siffa a idon duniya. Sai dai an manta da wani abu. Har yanzu ana gaya wa yaro cewa akwai wani baƙo da ke ganin duk abin da yake aikatawa, yana rubuta sunan nagari da na banza, zai kuma shigo gidansu tsakar dare kowa na barci. Mai rubuta fim ba ya buƙatar ƙara komai a wannan labari. Buhun kawai zai karɓe ya miƙa masa makami. Shi ya sa tun a 1972, a fim ɗin Ingila Tales from the Crypt, abin da ya fi tsaya wa masu kallo a rai shi ne yarinyar da ta buɗe wa mahaukaci ƙofa cikin murna, don ta ga jar riga.

A ganina fim ɗin da ya fi fahimtar wannan fage shi ne Black Christmas na 1974, wanda Bob Clark ya ɗauka a Toronto. Babu Santa mai kisa a ciki. Gidan kwanan ɗalibai mata ne, ana ta watsewa hutu, wani na ta bugo waya yana surutai marasa kan gado, ashe yana ɓoye a ɗakin ajiya na ƙarƙashin rufin gidan. Akwai wani wuri da yara masu waƙar Kirsimeti suka tsaya a bakin ƙofa suna rerawa, ɗaya daga cikin 'yan matan ta tsaya tana saurare tana murmushi, a daidai lokacin da ake caccaka wa ƙawarta ƙahon wani dokin gilashi na ado a saman bene. Waƙar ce ta rufe ihun. A wannan ɗan taƙi Clark ya faɗi duk abin da waɗannan fina-finai ke son faɗa: a lokacin da aka wajabta wa kowa fara'a, mai kuka ba ya samun mai jin sa. Duk wanda ya san yadda biki kan tara dangin da ba sa ga-maciji a ɗaki guda, ga kashe kuɗi, ga kaɗaicin wanda ba shi da inda zai je, ya san daga ina wannan tsoro yake shan ruwa. Krampus na Michael Dougherty, na 2015, ya buɗe ne da turereniyar masu sayayya a kanti suna tattake juna, dodon kuma bai zo ba sai da yaro ya yayyaga wasiƙarsa ta Santa bayan 'yan uwansa sun karanta ta a kan teburin abinci suna yi masa dariya.

Sai kuɗi. Fim ɗin ban tsoro ba ya cin jari mai yawa, wanda kuma aka ɗaura wa biki yana da kasuwa duk shekara, don Disamba na zagayowa za a sake nemo shi. Krampus ya ci dala miliyan 15, ya dawo da sama da miliyan 60.

Ta fuskar sakamako, zanga-zangar 1984 ta ci nasara a mako biyun farko kawai. Hani ya zama talla. Silent Night, Deadly Night ya samu kasuwa a kaset, ya haifi ci-gaba har huɗu, kuma tsohon jarumi Mickey Rooney, wanda ya yi tir da na farkon, ya fito a na biyar a 1991. Abin da ya ɗore ya fito ne daga wani fim na wannan shekarar, Gremlins, wanda iyaye suka kai yara suna zaton wasan yara ne, sai ga uwa tana fasa ƙaramin dodo a cikin na'urar ɗumama abinci. Ƙorafin da ya biyo bayansa, haɗe da na Indiana Jones and the Temple of Doom, shi ya sa aka ƙirƙiro tambarin gargaɗin iyaye na PG-13 a watan Yulin 1984.

Akwai alherin da ba a cika faɗa ba. Fina-finan nan sun tono al'adun da Santan Amurka ya danne. Rare Exports na Jalmari Helander, na 2010, ya tuna wa duniya cewa tsohon Santan Finlan mai ƙaho ne, kuma jerin gwanon Krampus ya daɗa bazuwa a biranen da ba su gaje shi ba. Mai karatu, Musulmi ko Kirista, zai kuma lura cewa kibiyar mafi yawansu ba ta nufi haihuwar Annabi Isa ba. Santa, bishiya, tsaraba da kanti suke hari, wato ɓangaren bikin da masu ibada da kansu ke kukan ya rinjayi ibadar.

Zargin cewa suna koya kisa ya fi wuyar tsayawa. A jajibirin Kirsimetin 2008 wani mutum sanye da kayan Santa ya kashe mutum tara a Covina ta jihar Kalifoniya, kuma rikicin sakin aure ne musabbabi. Fim ɗin Silent Night na 2012 shi ya ɗebo daga wannan ta'asa. Damuwata tana wani wuri. Da mamakin ganin Santa da gatari ya gushe, abin da ya rage wa masu fim shi ne ƙara jini, kuma a Terrifier 3 an kai ga nuna bam a cikin ƙunshin tsaraba a tsakiyar yara, iyakar da na 1984 ma bai ƙetare ba. A Faransa irin wannan ya sa an haramta kallon fim ɗin ga 'yan ƙasa da shekara 18, matakin da hukumar tace fina-finansu ba kasafai take ɗauka ba.

Iyaye matan Milwaukee sun yi kuskuren neman a hana manya kallo, amma suna da gaskiya kan inda hoton ke faɗawa. A lokacinsu tashar talabijin ce, ana iya buga mata waya a yi ƙorafi. Yau guntun bidiyo ne a TikTok da YouTube, ko fim ɗin da mai turi ya zuba wa yaro a waya a kasuwa, da jar hula da dusar ƙanƙara a hoton bangonsa, wanda uba zai gani ya ɗauka katun ne.