Hasken da Ke Ƙyaftawa a Cikin Zoben Auna Lafiya

Wanda ya fara sanya zoben nan mai bibiyar lafiyar jiki, irin na Oura ko Samsung Galaxy Ring, yakan sha mamaki a daren farko. Ya kashe fitila ya kwanta, sai ya ga wani haske kore ko ja yana ƙyaftawa daga ƙarƙashin zoben. Wani ya ɗauka caji ne ya ƙare, wani kuma gabansa ya faɗi, ya ce ko gargaɗi ake yi masa jininsa ya hau. Duk ba haka ba ne. Hasken nan shi ne idon zoben, da shi yake leƙa jinin da ke gudana a yatsa.

Da yawanmu mun yi wasan tocila muna yara: ka kifa ta a bayan yatsunka cikin duhu, ka ga sun yi ja wur kamar garwashi. Abin da ya faru shi ne jan haske ya ratsa nama ya fito, jini kuwa ya shanye sauran launukan, musamman kore. A kan wannan dabi'a ta jini aka gina zoben. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini yakan cika ƙananan jijiyoyin yatsa, ya shanye koren haske da yawa, kaɗan ne zai dawo wa ɗan idon na'urar da ke gefen fitilar. Kafin bugu na gaba jinin ya ɗan ja baya, haske ya dawo da yawa. Wannan hawa da sauka zoben ke ƙirgawa, ya ce maka zuciyarka ta buga sau 72 a minti ɗaya. An fi amfani da kore da rana, ko lokacin motsa jiki, domin ba ya nitsawa can cikin nama, don haka motsin hannu bai cika rikita shi ba.

Da dare kuwa, yawancin aikin wani haske ne ke yin sa wanda ido ba ya gani, irin wanda rimot ɗin talabijin ke aikawa. Ya fi kore nitso, kuma ba ya damun mai barci. Kamfanin Oura, wanda aka kafa a birnin Oulu na ƙasar Finlan a 2013, da shi kaɗai ya yi ta aiki a zobbansa na farko, sai a 2021 ya ƙara kore da ja.

Jan hasken shi ya fi ba mutane tsoro, alhali aikinsa auna iskar oksijin ne a cikin jini. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ya fi shanye haske marar ganuwa, wanda ya rasa ta kuma ya fi shanye ja. Sai zoben ya haska su biyun, ya gwada nawa kowanne ya dawo, ya fitar da lissafi. Ba sabuwar dabara ba ce. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano ta a 1972, kuma ita ce ke cikin na'urar nan da ake maƙala wa marar lafiya a yatsa a asibiti, wadda ta yi tashe lokacin Korona. Wanda jan hasken ya dama, a zoben Oura ana iya kashe awon oksijin daga manhajar waya, cajin ma ya fi daɗewa. Fitilun kuwa ƙanana ne marasa ƙarfi, ba sa ƙona fata.

Akwai inda batun ya shafe mu kai tsaye, mu baƙar fata. Sinadarin da ke ba fata duhu shi ma yana shan haske. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun nuna cewa na'urar yatsa ta asibiti ta fi kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙe, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farare. A kan na'urar asibiti aka yi binciken, amma da haske iri ɗaya zoben ke aiki. Sa'ar da aka yi, cikin yatsa ya fi bayansa haske, shi ya sa ake son fitilun su zauna ta ɓangaren tafin hannu. Zoben da ya yi sako-sako yana juyawa, ko wanda maiƙo ya rufe idonsa, ƙarya zai yi ta zuba maka. Haka sanyin hunturu, mai rage jini a yatsu. Mata masu son ƙunshi su lura, baƙin lalle ma yana iya tare hasken.

A ganina, amfanin zoben yana cikin nuna yadda jikinka ke sauyawa daga mako zuwa mako. Lambar dare ɗaya ba abin tayar da hankali ba ce, ba kuma abin dogaro ba ce. Idan numfashinka yana sarƙewa, ko ƙirjinka yana ciwo, ko da zoben ya nuna oksijin ɗinka kashi 98 ne, ka nufi asibiti.