A Dubi Mudu Kafin A Yarda Da Awo

A cikin jami'a aka haifi Facebook. Wani ɗalibi mai suna Mark Zuckerberg shi da abokansa suka buɗe shi a Jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka cikin watan Fabrairu na shekarar 2004, da fari kuwa ba mai shiga sai ɗaliban wannan jami'a. Bayansa YouTube ya fito cikin 2005, Twitter cikin 2006, WhatsApp kuma cikin 2009. Yau ga shi an wayi gari da wuya ka sami aji a manyan makarantun ƙasar nan wanda ba shi da zauren WhatsApp inda a ke sanar da lokacin darasi, a kuma raba takardun karatu. Sa'ad da aka rufe makarantu cikin watan Maris na 2020 saboda annobar korona, malamai da yawa ba su da wata hanyar kaiwa ga almajiransu sai ta waɗannan kafofi na sada zumunta.

To, shin abin nan yana ƙara ilmi ne, ko kuwa ɓata lokaci ne kurum? Malaman jami'a sun rabu a kan wannan, ko wane ɓangare kuwa in ya tashi magana sai ka ji ya ce bincike ya nuna kashi kaza cikin ɗari. Maganar ba ta wasa ba ce, gama da irin waɗannan alƙaluma ne a ke yanke shawarar kashe kuɗi masu yawa, ko hana shiga aji da waya, ko kuwa tilasta wa yaro ya mallaki wayar da ubansa ba shi da halin saya masa. Masu karatunmu, akawuna da malaman makaranta, su a kan miƙa wa irin takardun tambayoyin nan su cika, su ne kuma sau da yawa a kan sa su haɗa jimla. Saboda haka ya kyautu mu duba yadda a ke samo alƙaluman, da inda su kan yi yoyo.

SHEKARA GUDA, RABI YA ƁACE

Bari mu fara da wani bincike da ya shahara a Amurka. Kamfanin Pearson, mai buga littattafan makaranta, ya haɗa gwiwa da wata ƙungiyar masu bincike ta Kwalejin Babson, suka riƙa tambayar malaman jami'o'i shekara shekara. Rahoton 2011 ya ce kusan kashi biyu cikin uku na malaman sun taɓa amfani da kafofin sada zumunta a cikin aji. Da na 2012 ya fito, sai ga shi masu koyarwa da su ba su wuce kashi 34 cikin 100 ba, watau wajen ɗaya cikin uku. A 2013 kuma, bayan an ji amsar malamai kusan 8,000, adadin ya hau zuwa kashi 41.

Wanda ya jera lambobin nan uku bisa allo ba tare da ya karanta bayaninsu ba, zai rantse cewa cikin shekara guda rabin malaman sun tuba sun bar abin, sa'an nan waɗansu suka sake komowa. Alhali kuwa ba malaman ne suka sake ba, mudun aka sake. A lissafin 2011 an haɗa har da hotuna masu motsi irin na YouTube, su ne ma suka fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ko sau ɗaya malami ya taɓa nuna wa aji, ya shiga ƙidaya. Daga baya aka ware hotunan gefe guda, aka kuma riƙa lissafa mai amfani da kafofin aƙalla sau ɗaya a wata. Ba wanda ya yi ƙarya. Amma duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwanni biyu ya san mudun wannan gari ba lalle ya zama na wancan ba, mai hankali kuwa ba ya gwada farashi sai ya dubi ƙwaryar awo tukuna.

Wannan matsala ta fi tsanani a wurinmu. A ce an tambayi malami a Zariya ko Kano ko Sakkwato, "Kana amfani da kafofin sada zumunta wajen koyarwa?" Wani ba abin da ya taɓa yi sai aika wa shugaban aji saƙo cewa an ɗaga darasin gobe zuwa ƙarfe goma. Wani kuwa ya kan ɗauki muryarsa yana bayani ya aika, ya ba da aiki, ya zauna da dare yana amsa tambayoyin yara ɗaya ɗaya. Dukansu biyu za su ce "I", mai lissafi kuma ya zuba su buhu ɗaya. Ga na uku can wanda kullum yana cikin zauren ajinsa, amma ya ce "A'a", don shi a ganinsa WhatsApp waya ce kawai, Facebook shi ne kafar zumunta. Tambayar da mutum uku za su fahimta ta fuska uku, jimlarta ba ta da wani amfani ko da an ƙawata ta da zane mai launi.

Ba laifi kuma mai karatu ya tuna wa ya biya kuɗin binciken. Ba mu ce kamfanin da ke sayar da kayan karatu zai murɗe lissafi ba. Rahoton 2013 ɗin ma bai ɓoye cewa malaman suna tsoron abu biyu ba, watau tonuwar asirin mutane da kuma rashin tabbacin cewa aikin da ɗalibi ya kawo nasa ne. Sai dai mai kaya shi ya kan zaɓi tambayar da za a yi.

SARKIN YAWA YA SHA ƘASA

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A sha'anin ƙidayar ra'ayi wannan karin magana ta taɓa faɗuwa ƙasa warwas. Cikin 1936 wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta so ta san wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa, Roosevelt ko Landon. Ta aika da takardu wajen miliyan goma, fiye da miliyan biyu suka komo, ta lissafa ta ce Landon zai ci da kashi 57 cikin 100. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya kwashe jihohi 46 cikin 48. Wani mutum kuwa, George Gallup, wanda bai tambayi ko kashi ɗaya cikin arba'in na wannan taro ba, ya faɗi daidai wanda zai ci. Mujallar ba ta ƙara shekara biyu cikakku a duniya ba.

Me ya jawo? Abu biyu. Sunayen da ta aika wa ta samo su ne galibi daga littattafan lambar tarho, da rajistar masu mota, da jerin masu sayen mujallar, a lokacin da talauci ya game ƙasar, talaka kuwa ba shi da ko ɗaya daga ciki. Na biyu, wanda masu binciken da suka biyo baya suka nuna ya fi yin ɓarna, shi ne cewa masu jin haushin Roosevelt sun fi zafin mayar da amsa, magoya bayansa da yawa kuwa suka ajiye takardar suka tafi harkarsu.

Yanzu a kawo wannan gida. Yadda a kan yi irin binciken nan a yau, mai bincike ya shirya tambayoyinsa a intanet, ya jefa su cikin zaurukan WhatsApp, ya roƙi jama'a su taimaka su cika. Sa'an nan ya fito ya ce kusan duk waɗanda suka amsa suna amfani da WhatsApp! Ai wannan kamar mutum ya tsaya bakin rijiya ne yana ƙidaya masu guga. Dattijon malamin da bai yarda da abin ba sam, takardar ba ta kai gare shi ba. Ɗalibar da ba ta da babbar waya, da yaron da kuɗin datarsa suka ƙare tun tsakiyar wata, da wanda ƙauyensu ba ya samun sabis, duk ba su cikin lissafi. Su ne kuwa shawarar za ta fi shafa, gama in jami'a ta dogara da wannan rahoto ta mai da darasi kan waya, su za a bari a baya, ba kuwa wanda zai ga gurbinsu cikin jadawali.

Maganin abin sananne ne, sai dai yana da wahala. A sami cikakken jerin sunaye daga ofishin rajista, a zaɓi mutane da ƙuri'a yadda kowa zai iya faɗowa, a bi waɗanda aka zaɓa har a same su, a kuma faɗi a fili mutum nawa aka nema, nawa suka amsa. In an yi haka, mutum 1,000 sun isa a san ra'ayin taro mai yawan gaske, kuskuren da za a sa rai bai wuce wajen kashi 3 sama ko ƙasa ba. In 400 ne ya kan kai kashi 5, in 100 ne kashi 10. Amma fa wannan lissafi na waɗanda aka zaɓa da ƙuri'a ne kaɗai. Wanda ya ɗebi tumatir daga saman kwando, ko ya ɗebi dubu, bai san abin da ke ƙasa ba.

Ko an dace da mutanen, saura maganarsu. Tsofaffin malaman jangali sun sha ba da labarin yadda garke kan ragu ran da mai ƙidaya ya iso ruga. Can dai da gangan ne. A nan kuwa ko mai gaskiya ya kan yi kuskure, don ba wanda ke riƙe da agogo sa'ad da ya ke latsa waya. Wani malamin jami'a a Amurka, Reynol Junco, ya gwada wannan cikin wani binciken da aka buga a 2013. Ɗalibai 45 suka yarda aka sa wa kwamfutocinsu abin da ke lissafa lokaci har wata guda, aka kuma tambaye su da baki. Da bakinsu sun ce su kan yi wajen minti 145 a Facebook ko wace rana. Na'ura ta ce minti 26. Gaskiya ne mutum 45 ba yawa, kuma kwamfuta aka sa wa ido, ba dukan abin da ɗalibi ke taɓawa ba, amma ratar ta yi faɗin da ba za a kau da kai ba. Mu kuma muna da namu ƙarin, watau kunya. In malami da kansa ya raba takarda a aji yana tambaya ko sabuwar hanyarsa tana da amfani, ga shi tsaye, ga jarrabawa tafe, wane almajiri ne zai rubuta cewa ba ta da shi?

Akwai kuma wani tarko a wajen haɗa jimla, wanda ya shafi akawu kai tsaye. Yawancin takardun nan suna bin tsarin da Rensis Likert ya fito da shi cikin 1932, mai matakai biyar, daga "ban yarda ba sam" zuwa "na yarda ƙwarai", a ba su lamba 1 zuwa 5. A ce, don misali, an tambayi malamai 100, hamsin suka zaɓi 1, hamsin suka zaɓi 5. In aka tara aka raba, sai a sami 3, a rubuta cewa malamai ba su damu ko ta wane gefe ba. Ga shi kuwa ba mutum ko ɗaya a tsakiya, gidan ya rabe biyu ne, har ana iya kwana ba a gaisa ba. Don haka rahoton da ya ba da matsakaici kaɗai, bai nuna mutum nawa suka tsaya a ko wane mataki ba, ya ɓoye rabin labari.

Saura babbar tambaya, wadda iyaye suka fi so a amsa musu: abin yana rage maki ko yana ƙarawa? Shi dai Junco ɗin, cikin 2012, ya buga binciken ɗalibai 1,839, makinsu kuwa daga rajistar jami'a ya karɓo, bai dogara da bakinsu ba. Ya ga cewa waɗanda suka fi daɗewa a Facebook makinsu ya fi ƙasa. Amma da ya rarrabe abin da su ke yi a ciki, sai ya ga masu nema da raba bayani suna gaba, masu yawan hira su ne a baya. Duk da haka irin wannan lissafi ba ya iya faɗin wanne ya haifi wanne. Mai yiwuwa hira ce ta hana yaro karatu, mai yiwuwa kuma karatun ne ya gagare shi tun farko ya gudu wajen hira. Ganin lema da taɓo tare ko wace damina bai sa a ce lema ke kawo taɓo ba.

Abin da ke raba gardama shi ne gwaji, watau a raba ajujuwa da ƙuri'a, a ba waɗansu abin, a hana waɗansu. Junco da abokan aikinsa biyu sun yi haka da ɗalibai 125 'yan shekarar farko, aka buga sakamakon a 2011. Saba'in aka sa su yi amfani da Twitter wajen tattauna darasi har mako 14, 55 ba a sa su ba. A ƙarshen zango 'yan Twitter sun fi da wajen rabin maki, a ma'aunin da ƙarshensa 4 ne, wannan kuwa ba ƙaramar rata ba ce. Masu goyon baya suka yi ta yaɗa labarin. Amma a wannan gwaji malaman suna ciki dumu-dumu, suna jefa tambaya, suna amsawa, suna tunatar da yara aikinsu. Da Junco da waɗansu abokan aiki suka duba wani babban aji inda aka bar wa ɗalibai zaɓi, malamai kuma ba su riƙa shiga suna amsa musu ba, rahoton da suka buga a 2013 bai sami wannan ribar ba.