Wa ke riƙe da makullin manhaja? Darasi ga matasan Ajingi da Gaya masu koyon rubuta manhaja

Tun daga shekarar 2023 da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 a fannin fasaha, matasan ƙananan hukumomi irin su Ajingi da Gaya suka samu ƙofar koyon rubuta manhaja. Ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil a kusa da su.

Duk wanda ya shiga wannan harka zai ci karo da GitHub, rumbun da ake ajiye rubutun manhaja a intanet, wanda aka buɗe a 2008, Microsoft kuma ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. A nan ne masu binciken HausaNLP suka ajiye NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Fijin.

Yadda ake raba iko

A rumbun ƙungiya, GitHub ya kasa izini hawa biyar. Na ƙasa shi ne karatu kawai, na sama kuma shi ne cikakken iko, wanda mai shi zai iya ƙara mutane ko ya goge rumbun baki ɗaya.

Wanda ya yi gyara yakan miƙa shi ne domin a duba. Mai dubawa zai iya yin tsokaci a kan kowane layi, ko ya amince, ko ya nemi a sake gyara. Shugaban rumbu na iya kulle babban reshen aikin, ta yadda babu gyaran da zai shiga sai wani ya amince kuma an warware duk tsokacin da aka yi.

Abin da ya faru da XZ

A ranar 29 ga Maris, 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya sanar da cewa ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a cikin XZ Utils, manhajar matse fayil da kwamfutocin Linux ke dogaro da ita. Jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga na'ura na cikin abin da ya ja hankalinsa.

Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana aika gyare-gyare masu amfani. A lokaci guda wasu asusun suka riƙa matsa wa Lasse Collin, wanda ke kula da aikin shi kaɗai a kyauta, cewa ya nemi mataimaki. Da Jia Tan ya samu iko, sai ya cusa mugun abu a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, ya ɓoye shi cikin fayilolin gwaji da ba kasafai ake karantawa ba.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar XZ ita ce aiki ya yi wa mutum ɗaya yawa, babu kuma mai duba abin da mataimakinsa ke sakawa.

Ga ɗalibai uku ko huɗu da ke haɗa manhajar shago ko ta asibiti a Gaya, matakan ba sa cin kuɗi: kowa da asusunsa, a kunna tantancewa mai mataki biyu, kada wanda ya rubuta gyara ya amince da shi da kansa, kuma a janye izinin duk wanda ya bar aikin a ranar da ya tafi.