Kwantena a Gona: Abin da Take Tsarewa da Abin da Take Lalatawa

Noman rani a yankin Jega da Aliero da Maiyama ya wuce zamanin fartanya da jigo kaɗai. Manomin shinkafa ko na albasa a yau yana da injin ban-ruwa, da tiyo, da famfon feshi, da buhunan takin zamani, wani ma har da ƙaramin injin huɗa ko faifan sola. Kayan nan sun ƙara yawa a hannun jama'a tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015. To, kaya masu tsada kuwa sai da wurin ajiya, domin ɓarawo ba ya raina ɗakin zana. Wannan ne ya sa masu hali suke sayen tsohuwar kwantena, wato akwatin ƙarfen nan da ake zuba kaya a ciki a ɗora wa jirgin ruwa, su girke ta a gona ko a bayan gida ta zama sito.

Asalin wannan akwati daga Amurka yake. Wani mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, shi ne ya loda irinsa guda 58 a jirgin ruwa mai suna Ideal X ran 26 ga Afrilu, 1956, daga Newark zuwa Houston. Daga baya aka daidaita girmansa a duniya baki ɗaya. Ƙaramar kwantena, wadda ake kira mai ƙafa 20, tsawonta ya ɗan ɗara mita 6, faɗinta mita 2.44, tsayinta mita 2.59, nauyinta kuwa ba kaya ya ɗan wuce tan 2. An yi bangonta da wani irin ƙarfe mai gamin tagulla wanda tsatsarsa ta farko kan zame masa rigar kariya, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. Daɓenta katako ne, ƙofarta kuma tana da roba a gefe don kada ruwan teku ya shiga.

Ke nan an ƙera ta ne don ta toshe, kuma a nan amfaninta da illarta suka haɗu. Ruwan sama ba ya ratsa ta, ɓera ba ya huda bangonta, ɓarawo kuma sai ya sha wuya. Sai dai abin da ya hana ruwa shiga shi ne yake hana zafi da danshi fita.

A watannin Maris da Afrilu zafin rana a wannan yanki kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, a inuwa ke nan. Ƙarfe kuwa yana ɗaukar zafi da sauri, yana kuma miƙa shi ciki da sauri, musamman idan fentinsa mai duhu ne. Rufaffiyar kwantena da ke tsakiyar rana iskar da ke kusa da rufinta kan kai digiri 60. Gatari da garma ba ruwansu da wannan. Amma tiyo da taya sukan bushe su tsattsage, batir yana saurin mutuwa, magungunan feshi da yawa kuma ƙarfinsu yana raguwa. Mafi haɗari shi ne fetur. Jarka ɗaya da ba a rufe da kyau ba ta isa ta cika ɗakin da tururin mai, wanda tartsatsi ɗaya zai tayar. Don haka wurin fetur daban ne, a inuwa mai iska, nesa da sito.

Matsalar danshi ta fi wannan wuyar ganewa, domin mai kwantena zai iya rantsuwa cewa rufinsa ba ya yoyo, amma ya tarar da kayansa a jiƙe. Dalilin yana cikin darasin kimiyya na sakandare. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi iya riƙe tururin ruwa. Iskar da ta cika murabba'in akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska tana iya riƙe kimanin giram 40 na ruwa a digiri 35, amma a digiri 22 ba ta riƙe fiye da giram 19. A ɗauka cikin watan Agusta an rufe kwantena da rana, iskar cikinta tana ɗauke da giram 32. Da dare ya yi, rufin ya huce zuwa digiri 22, sai rarar giram 13 ta sauka ta zama raɓa a jikin ƙarfe. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin irin wannan awo na iska har 33. Ɗalibi ya ninka da kansa: abin ya doshi rabin lita. Wannan ruwa yana taruwa a rufi ta ciki, yana ɗiga a kan kaya, gari ya waye ya koma tururi, dare ya yi ya sake sauka. Idan kuwa aka shigar da injin ban-ruwa da jiƙaƙƙen tiyo kai tsaye daga fadama, an ƙara wa wannan zagaye ruwa ke nan.

Takin zamani ma yana da nasa hali. Yuriya takan fara shan danshi daga iska da zarar laimar iskar ta wuce kusan kashi 73 cikin ɗari, sai ta dunƙule ko ta narke, ruwanta kuma yana cin ƙarfe. Wanda ya jingina buhunan taki da injinsa cikin damina ya haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya.

Babbar asara dai tana faruwa ne idan aka manta cewa wasu kayan gona masu rai ne. Ƙwayar iri ba matacciya ba ce. Akwai ɗan tsiro a cikinta yana numfashi a hankali, yana cin guzurinsa kaɗan-kaɗan, zafi da danshi kuma suna hanzarta wannan ci. Wani masanin iri na Jami'ar Kalifoniya, J. F. Harrington, ya tsara ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk lokacin da zafin wurin ajiya ya ƙaru da digiri 5, tsawon ran iri yakan ragu da rabi, haka ma idan danshin irin ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari. A bisa wannan lissafi, irin da aka ɗauke daga ɗakin ƙasa mai digiri 30 aka kai shi inda ya kai digiri 45, abin da ya rage masa kashi ɗaya ne cikin takwas na kwanakinsa. Irin albasa kuwa, ko a wuri mai kyau, yana cikin masu gajeren kwana. Da wuya ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu da ƙarfinsa. Manomin Aliero da ya ɓoye irinsa a kwantena don gudun sata zai iya zuba shi a gadon reno ya yi ta jira, alhali irin ya mutu tun cikin bazara ba tare da kamanninsa sun sauya ba.

Ita kanta albasar ta fi muni. Kusan kashi 90 cikin ɗari na nauyinta ruwa ne, kuma tana numfashi, tana fitar da zafi da tururi. A rufaffen wuri mai ɗumi, fumfunar nan baƙa da masana suke kira Aspergillus niger takan bazu a ƙarƙashin ɓawo, ƙwayoyin bakteriya su biyo baya, sai ruɓa ta kama daga wuya. 'Yar'uwarta, Aspergillus flavus, ita ce take kama gyaɗa da masara masu danshi, ta bar musu gubar afalatoksin mai lahani ga hanta. A nan ya kamata a jinjina wa rudu, rumfar kara da ciyawa da manoman albasa suka gada: an ɗaga ta daga ƙasa, iska tana ratsa ta ta ko'ina, rufinta ba ya ɗaukar zafi. Tana da nata aibi, domin albasa tana ruɓa a cikinta ma, amma ta fuskar buƙatar abu mai rai ta fi akwatin da ya ci miliyoyin naira.

Gyaran kwantena don ajiye kayan ƙarfe ba shi da wuya. Nauyinta yana sauka ne a kan kusurwoyinta huɗu, saboda haka a nan ake kafa mata ginshiƙan kankare, a ɗaga ta kamar tsawon kamu ɗaya ko biyu. Idan ta zauna a ƙasa kai tsaye, gindinta zai yi ta shan laima, rigar tsatsar nan ba za ta samu bushewa ba, gara kuma ta sami hanyar zuwa daɓe. Ginshiƙan su daidaita, in ba haka ba akwatin ya murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa. A share ƙarƙashinta a kai a kai, don inuwa ce da ɓera yake so, inda ɓera yake kuwa maciji na tafe. A huda tagogin iska, wasu ƙasa-ƙasa a gefe ɗaya, wasu can sama a ɗaya gefen, a rufe su da raga: iska mai zafi ta fita ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Farin fenti yana rage zafi, amma abin da ya fi shi shi ne rumfa ta biyu a bisa rufin, ta ciyawa ko ta kwano, da tazara a tsakani. Kada a ɗora wa rufin kansa kaya masu nauyi, domin ba a yi tsakiyarsa don ɗaukar nauyi ba.

Wurin girkawa ma abin dubawa ne. Ambaliyar da ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi cikin daminar 2020 ta nuna iyakar inda ruwa yake iya kaiwa. Rufaffiyar kwantena marar kaya sosai takan taso a kan ruwa kamar kwalekwale, ta tafi da abin da ke cikinta. Tudu ne wurinta, ko da ya yi nisa da fadama.

Saura gargaɗi ɗaya, wanda ya shafi rai. Ana yi wa katakon daɓen kwantena magani tun daga masana'anta don kashe ƙwari, wasu kuma an yi musu turaren guba a tashar jirgin ruwa, ba a kuma san abin da suka taɓa ɗauka ba. Saboda haka ba a zuba hatsi a daɓenta tsirara. Wanda ya sanya ƙwayar maganin ƙwari mai fitar da iskar fosfin a cikin buhuna ya rufe ƙofa, ya sani iskar da take kashe gunda tana kashe mutum. Idan an buɗe, sai a bar ƙofofin biyu a wangale iska ta wanke ɗakin sosai kafin kowa ya shiga. Sakatar kwantena kuma ta waje take, ba a buɗe ta daga ciki, don haka ba wurin kwanan mai gadi ba ce, ba kuma wurin wasan ɓuyan yara ba.