Bencin Firamaren Unguwa: Sadakar Da Muke Tsallakewa

Duk wanda ya leƙa firamaren gwamnati a yawancin garuruwanmu na Arewa ya san halin da ake ciki: yara zaune a ƙasa, allo ya koɗe, alli ya ƙare, rufin kwano yana yoyo da damina. A wannan unguwar kuma muna iya tara kuɗin tayil da fankokin masallaci cikin 'yan makonni. Dalili shi ne da yawanmu sun ɗauka lada yana masallaci da Islamiyya kaɗai, firamare kuwa "ta gwamnati ce".

Gaskiya ne nauyin yana kan hukuma. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Sai dai jiha ba ta karɓar kasonta na ayyuka daga hukumar UBEC sai ta zuba kwatankwacinsa, kuma sau da yawa akan yi jinkiri. Kafin a gama wannan, ɗan aji ɗaya ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba. 'Ya'yan talakawanmu da marayunmu ne ke cikin waɗannan azuzuwa, domin mai hali ya riga ya kai nasa makarantar kuɗi.

Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) ya lissafa sadaka mai gudana da ilimi mai amfani cikin abin da ladansa ba ya yankewa bayan mutuwa. Bencin da yara za su zauna a kai shekara da shekaru ya haɗa biyun. Amma mu kiyaye: a wurin jumhurin malamai, zakka ba ta shiga gini ko kayan aji, domin haƙƙin nau'o'i takwas ne da Suratut Tauba ta ambata. Benci, rufi da banɗaki aikin sadakar ganin dama ne da waƙafi. Zakka kuwa ana iya miƙa ta ga matalaucin uba ya saya wa ɗansa yunifom da littattafai.

Hanyar a fili take. Mu zauna da shugaban makaranta da kwamitin SBMC, su rubuta buƙata aji-aji. A ba kafintan unguwa aikin, a sayi kaya maimakon miƙa tsabar kuɗi, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a. Sannan mu ci gaba da bibiyar ƙaramar hukuma da SUBEB, don kada gudummawarmu ta zamar musu uzuri.

Allah Ya karɓa mana, Ya shiryi zuri'armu.