Kaluluwar Da Ba Ta Ciwo: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Game Da Sankarar Limfoma

Kowa ya san kaluluwa. In ka yi tuntuɓe yatsa ya yi ruwa, sai ka ji ta fito maka a matsematsi. In yaro ya yi ƙurji a ka ko ciwon maƙogwaro, sai ta fito masa a wuya. Irin wannan tana da zafi, kuma da zarar ciwon ya warke sai ta koma. Amma akwai wata kaluluwar da ba ta ciwo, ba ta komawa, kullum sai ƙara girma take yi. Ya kai mai karatu, ko daga Ikara ka zo, ko Maƙarfi, ko Kudan, wannan ce muke so ka kula da ita, domin rashin zafinta shi ke sa mutane su yi sakaci har lokaci ya ƙure.

Mece ce limfoma?

Kaluluwa ba cuta ba ce. Wasu 'yan ƙananan matatai ne da ke wuya, hammata, matsematsi, ƙirji da cikin ciki, inda fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suke taruwa. Saifa da ɓargo ma suna cikin wannan tsari. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi ta lalace, ta shiga hayayyafa ba tsayawa, sai ta tara ƙari. Wannan shi likitoci ke kira limfoma. Idan kuma a cikin ɓargo lalacewar ta faru har ta cika jini, shi ne ake kira sankarar jini.

Limfoma iri-iri ce. Akwai ta Hodgkin, wadda wani likitan Landan, Thomas Hodgkin, ya fara bayaninta a 1832, ta fi kama matasa, kuma a wuya ta fi farawa. Akwai masu tafiyar hawainiya da suka fi kama dattawa. Masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa, musamman in ba sa shan maganinsu. Amma wadda ta fi shafar yaranmu ita ce ta Burkitt.

Ƙarin muƙamuƙi na yara

A 1958 wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, ya wallafa bayanin wani kumburin muƙamuƙi da yake yawan gani ga yara. Da ya bi sawun cutar a ƙasashen Afirka, sai ya tarar ta fi yawa a wurare masu zafi da damshi, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 aka gano wata ƙwayar bairos, Epstein-Barr, a cikin irin wannan ƙari. Kusan kowa yana ɗaukar wannan bairos tun yana ƙarami ba tare da wata illa ba. Sai dai idan yaro yana ta fama da zazzaɓin cizon sauro a kai a kai, garkuwar jikinsa takan raunana, fararen ƙwayoyin su yi ta rarrabuwa, har a samu kuskure a cikin ƙwayar halittarsu. Daga nan ƙarin ke tashi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A ƙasar rake da tumatir irin tamu, inda damina na wucewa ake shiga noman rani a fadamu, sauro ba ya yin nisa da gidaje.

Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Takan fito a muƙamuƙi ko gefen ido, haƙora su yi girgiɗi, ido ya turo. Takan kuma fito a ciki, ya kumbura ya yi tauri. Wani lokacin takan danne laka, yaro ya kasa tafiya ko riƙe fitsari. Tana cikin sankarar da ta fi kowace saurin girma a jikin ɗan'adam, domin ƙwayoyinta na iya ninkawa cikin kwana 1 zuwa 2. Hangum yakan sauka cikin kamar kwana 10. Wannan kuwa ba ta sauka.

Alamomin da za su sa ka zo asibiti

1. Kaluluwa ko ƙari marar zafi da ya wuce mako 3 bai koma ba, ko yana ƙaruwa.
2. Kumburin fuska, muƙamuƙi ko ciki ga yaro. Wannan kada ka jira ko mako guda.
3. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani, gumin dare mai jiƙa shimfiɗa, ko rama ba dalili.
4. Ƙarancin jini, haɓo, jinin dasashi, ko ciwon ƙashi mai hana yaro barci.

Yadda ake gano ta

Ido ba ya raba limfoma da tarin fuka na kaluluwa, wanda shi ma ya yi yawa a ƙasarmu, kuma alamominsu sun yi kama. Don haka dole a yi awo. Ka fara zuwa asibiti mafi kusa, a Ikara, Maƙarfi ko Hunkuyi, ka karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A nan za a ɗebi jini, a yi hoton ƙirji da sikanin ciki, sannan a tsotso kaɗan daga ƙarin da allura ko a yanko ɗan guntu a duba a madubin likita. Akan kuma ɗebi ɗan ɓargo da ruwan laka don a san inda cutar ta kai.

Kafin ka zo, ka kiyaye abu biyu. Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko tsaga, domin ba ruwa a ciki, gyambo kawai za a buɗe. Kada kuma a sayi deksametason ko firedinisolon a kemis. Suna sa kumburin ya sauka na ɗan lokaci, su ɓata sakamakon awo, sannan ya dawo.

Shin daji ba ya son allura?

Kana jin ana cewa ciwon daji ba ya son allura. A kan limfoma, allura ce maganin. Saurin girman Burkitt shi ke sa ta saurin jin magani. Tun a shekarun 1960 Farfesa Victor Anomah Ngu ya nuna haka a Asibitin Koyarwa na Ibadan, har aka ba shi lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1972, tare da Burkitt da wasu. A yau ana haɗa magunguna irin su saikulofosfamaid, binkiristin da metotireset ta jijiya, a sa wani a ruwan laka don kare ƙwaƙwalwa. Wasu nau'o'in akan ƙara musu ritukzimab ko gashi da na'ura. A ƙasashen da ake zuwa da wuri kuma ake kammala magani, kusan yara 9 cikin 10 masu Burkitt suna warkewa. Ta Hodgkin ma tana cikin masu warkewa ƙwarai. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su biyun cikin sankarar yara 6 da ta fi ba muhimmanci.

Maganin yana da wahala. Akan yi amai, gashi ya zube, amma yana sake fitowa. A kwanakin farko ana ba da ƙarin ruwa da yawa don kare ƙoda daga dattin ƙarin da ke narkewa. Garkuwar jiki takan yi ƙasa, don haka in zazzaɓi ya taso wa mai karɓar magani, ko da tsakar dare ne, a kawo shi nan take.

Kada ka tsaya a rabin hanya

Ga inda aka fi yin asara. Bayan zagaye na farko ko na biyu, kumburin yakan narke, yaro ya tashi yana wasa. Sai uba ya duba kuɗin mota, ya duba gonar da ke jiran girbi, ya ce ai ya warke. Bai warke ba. Ragowar ƙwayoyin da ido ba ya gani suna nan, kuma in suka dawo sukan ƙi jin maganin da suka ji a da. Ka tambayi likita tun ranar farko zagaye nawa za a yi, ka adana katin ranakun dawowa. Ka tara dangi a raba nauyi: wani ya riƙe gona, wani ya ba da jini, wata ta zauna jinya. In kuɗi ya yanke, ka yi magana da likita ko sashen jin daɗin marasa lafiya kafin ranar ta wuce.

Limfoma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka a ci abinci tare da marar lafiya, a bar shi cikin 'yan'uwansa. Sauran yara kuma su riƙa kwana cikin gidan sauro, su karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa da damina. In ka ga kumburi irin wanda muka bayyana ga ɗan maƙwabci, ka karanta wa iyayensa wannan takarda. Allah ya ƙara mana lafiya.