Yadda gajeren bidiyo ke janyo wa shirin fodkas masu sauraro

Shirin fodkas, wato hira ko tattaunawar da ake ɗorawa a intanet domin mutum ya saurara a lokacin da ya ga dama, yana da wata matsala da rediyo ba ta da ita. Mai rediyo yakan murɗa akwatinsa ya ci karo da shirin da bai nema ba, ya tsaya ya ji. Shi kuwa fodkas sai an san da shi kafin a je gare shi. Wannan ne ya sa masu shirya shi suka koma yanko guntayen bidiyo daga cikin hirar suna watsawa a kafafen sada zumunta.

Dalilin yana cikin yadda manhajojin ke aiki. TikTok, da Reels da Instagram ya ƙaddamar a 2020, da Shorts na YouTube da ya karaɗe duniya a 2021, duk suna nuna wa mutum bidiyon waɗanda ma ba ya bin shafinsu. Na'urar tana lura da tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo da yawan masu turawa gaba, idan ta ga an tsaya sai ta ƙara kai shi gaban wasu. Ta haka minti ɗaya daga hirar awa guda kan isa wayar ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko ma'aikaci a sakatariya, alhali bai taɓa jin sunan shirin ba. A watan Fabrairun 2025 kamfanin YouTube ya bayyana cewa masu kallon fodkas a dandalinsa sun haura biliyan ɗaya a wata, abin da ke nuna cewa shirin da aka faro domin kunne ya koma na ido.

Babban aikin shi ne zaɓen wurin da za a yanka. Guntun da ya dace shi ne wanda zai tsaya da ƙafarsa, mai kallo ya fahimci maganar ba tare da sanin abin da ya gabata ba, amma ya bar masa sha'awar jin saura. Doguwar gaisuwa da gabatar da baƙo, duk da muhimmancinsu a al'adar Bahaushe, ba nan ne muhallinsu ba, domin a daƙiƙu biyu zuwa uku na farko mai kallo ke yanke shawarar tsayawa ko wucewa. Ana kuma yanka hoton a tsaye daidai da allon waya, don haka tun wajen ɗauka ake kula da inda baƙo zai zauna.

Rubuta maganar a ƙasan hoto na da amfani, tun da da yawa suna kallo ne a ofis sun kashe sauti, ko a cikin hayaniyar kasuwa. Sai dai manhajojin da ke yin rubutun da kansu sukan yi tuntuɓe da Hausa, musamman haruffa masu ƙugiya, ga “ɓata” ga “bata”, saboda haka gyara da hannu ya zama dole.

Akwai kuma batun WhatsApp, inda a nan ne bidiyo ya fi yawo a tsakanin jama'a. Da zarar an sauke guntu an tura shi wani zaure, adireshin da aka liƙa a ƙarƙashinsa ya ɓace. Idan ba a buga sunan shirin da lambar kashin a jikin hoton ba, mai shirin ya yi noma ne wani ya girbe.

Ko an yi duk wannan, yawan masu kallon guntu ba shi ne yawan masu sauraron shiri ba. Akasari sukan kalla su yi dariya su wuce. Tsadar data ma na da hannu, musamman bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Bidiyon awa guda yana cin data fiye da sautinsa nesa ba kusa ba, don haka mai hikima yakan tanadi cikakken shirin a sauti zalla ga wanda aljihunsa ba zai ɗauki bidiyo ba.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne yankan da ke sauya ma'ana. Baƙo zai ce “wasu na cewa kaza, amma ni ban yarda ba”, sai a cire farko da ƙarshe a bar tsakiya, a ɗora masa maganar da ya zo ƙaryatawa. Irin wannan guntu yakan yi saurin yaɗuwa, kuma a batun addini ko siyasa ko aure yana iya zubar da mutuncin mutum kafin a je ga cikakken shirin, idan ma an je. Baƙon na da damar shigar da ƙarar ɓata suna, sauran baƙi kuma sukan fara ƙin amsa gayyata. Shi ya sa wasu masu shiri kan tura wa baƙo guntayen ya gani kafin a sake su, tare da rubuta mintin da maganar ta fito a cikakken shirin domin mai shakka ya je ya ji da kunnensa.